Kan caja a jikin sola: dabarar tana aiki, amma ban yarda a kai ta ɗakin kaji ko bakin tankin kifi ba



Akwai wata dabara da ke yawo tsakanin masu haɗa sola da samarin nan masu son kwance-kwance da ƙirƙira. Wai ka ɗauki kan cajar waya, irin wanda ake sokawa a bango, ka haɗa shi kai tsaye da batir ko da fanel ɗin sola, babu inbata a tsakani, sai ya ba ka 5V. Da ita sai ka yi cajin waya, ka kunna ɗan famfon iska na kifi, ko kyamarar da ke gadin ɗakin kaji, ko MiFi. Masu tambaya ta ko gaskiya ne sun yi yawa. Gaskiya ne, yana yi, a wani yanayi. Amma ga mai ƙaramar gona da ke da batir ɗaya ko biyu, ra'ayina shi ne ya bar wannan hanya, domin akwai wadda ta fi ta sauƙi da aminci, kuma kuɗinsu kusan ɗaya.

Masu dabarar suna da hujja, kuma hujjar mai ƙarfi ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama sai dole. Duhun da aka yi a Arewa a watan Oktoban 2024, wanda ya ɗauki kwanaki, ya ƙara tura mutane wajen sola. Yawancinmu kuma ba babbar sola muke iya sakawa ba: fanel ɗaya ko biyu, kwantirola, batir, ƴar inbata. Matsalar tana jikin inbatar nan. Ko ba ka jona mata komai ba, muddin tana kunne tana shan wuta. A ce taka tana shan wat 20 a zaune, wasu ƙasa da haka wasu sama. Daga magariba zuwa fitowar rana awa 12, wat-awa 240 ke nan. Batirin 100Ah mai 12V a takarda wat-awa 1,200 yake ɗauka, amma in na ruwa ne ko na jel, rabin wannan ne naka idan kana son ya daɗe, wato 600. To ka ga 240 cikin 600 sun tafi, kashi 40 cikin 100, ba a yi aikin komai da su ba. Alhali wayar da kake son cikawa ba ta wuce wat-awa 20 ba, ɗan famfon USB kuma wat ɗaya ko biyu yake ja. Kamar ka ɗauki shatar tirela don kai buhun dusa ɗaya gona. Duk wanda ya ce a tsallake inbata ga ƙananan kaya, ina bayansa ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shi ne abin da za a sa a madadinta.

Ga yadda abin yake aiki, don kada wani ya ɗauka tsafi ne. Wutar NEPA, wadda ake kira AC, gaba da baya take yi, sau 50 a daƙiƙa. Wutar batir da ta fanel, wato DC, hanya ɗaya take bi. Kan caja ba ya aiki da AC ɗin kai tsaye. Tana shiga, abu na farko da take tararwa dayod ne, galibi guda huɗu, su miƙar da ita ta koma DC, sai kafasita ta tara ta. Wutar bango mai 230V in ta miƙe tana kai wajen 325V a cikin ɗan kan cajar nan da ke aljihunka. Daga nan wani ɗan makunni ya riƙa yanka ta dubban sau a daƙiƙa, ta ratsa ƙaramar taransifoma, ta fito 5V. Saboda haka in ka ba shi DC tun daga farko, dayod ɗin za su bar ta ta wuce kawai, sauran aikin ya ci gaba. Ba sabon abu ba ne. Kamfanoni irin su Mean Well, masu yin na'urorin rage wuta na masana'antu, suna rubutawa a takardar wasu kayansu cewa suna karɓar DC daga 120V zuwa sama da 370V. Bambancin shi ne su sun gwada nasu sun sa hannu. Kan cajar da ka saya a tebur bakin titi ba wanda ya gwada shi a kan DC, ba wanda ya yi maka alkawarin komai.

Yanzu ɗauko cajarka ka karanta ƙananan rubutun jikinta. Za ka ga 100-240V. Mafi ƙarancin da aka ƙera ta a kai shi ne 100V na AC, wanda in ya miƙe yake zama wajen 140V. Kai kuma batirinka 12V ne, ko 24V in biyu ne a jere. Ba za ta ko motsa ba. Nan kaɗai ya isa ya fitar da mafi yawan masu karanta wannan rubutu daga maganar, domin tsarin da ke gonakinmu ƙanana 12V ne ko 24V.

Masu tsarin 48V su ne ke shiga ruɗani. Wasu cajojin suna tashi a wannan mataki, wasu ba sa tashi, kuma ko guda biyu masu kama ɗaya ka saya ba lallai halinsu ya zo ɗaya ba. Mafi muni shi ne wadda za ta tashi, ka sa mita ka ga 5V cif, ka ji daɗi, sai ka jona mata kaya ta durƙushe. Dalilin lissafi ne. Don fitar da wat 10 daga 325V, ɗan ƙaramin ja take yi. Don fitar da wat 10 ɗin nan daga 50V, sai ta ja fiye da ninki shida. Kayan cikinta ba don haka aka zaɓe su ba. Ko dai ta kasa ba da ƙarfin da aka rubuta a jikinta, ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, ko ta yi ta ɗaukar zafi har ranar da za ta gaji. Kuma batirin 48V ba a 48 yake tsayawa ba: da rana yana haura 55V, da asuba ya sauko. Cajar da ta yi maka aiki ƙarfe biyun rana lokacin da ka gwada ta, ita ce za ta mutu ƙarfe huɗun asuba kana barci.

Riƙe wannan ƙarfe huɗun asubar, don nan ne asarar take. Iskar da ke cikin ruwa, musamman ruwan da ya yi kore, tana kaiwa ƙarshen ƙarancinta gab da fitowar alfijir, saboda duk dare ana shanta ba a ƙarawa. Tarwaɗa babba tana da gaɓar shaƙar iska, za ta leƙo sama ta ja numfashi, shi ya sa take jure ruwan da sauran kifaye ba sa jurewa. Amma ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe, a makonninsu na farko gaɓar nan ba ta gama fitowa ba, rayuwarsu tana cikin iskar ruwan. Karfasa kuwa, babba da ƙarama duk haka suke. Lokacin da kifinka ya fi buƙatar famfo shi ne daidai lokacin da batir ya fi rauni, kuma shi ne lokacin da caja mai aiki a bakin iyakarta za ta saki.

Sai masu cewa to a bar batir, a haɗa da fanel kai tsaye, tunda in ka jera su ƙarfin yana hawa. Eh, yana hawa. Manyan fanel na yanzu, irin masu wat 550, kowane ɗaya yana ba da kusan 50V in ba a jona masa kaya ba. Uku a jere 150V ke nan, caja za ta tashi sarai. Amma ka san me ka riƙe a hannunka? A ƙa'idar lantarki ta duniya, DC da ta wuce 120V ta fita daga sahun wutar da ake ɗauka mai sauƙin haɗari, kuma wannan a busasshen wuri ne. A wurin da ƙafarka ke cikin ruwa iyakar ta yi ƙasa da haka sosai. Fanel kuma ba shi da makashi, muddin akwai rana yana ba da wuta. In jerin ya kai takwas, kamar yadda ake yi wa manyan inbatocin zamani, kana maganar 400V, kuma kafasitar da ke cikin yawancin cajoji iyakarta ke nan. Da sanyin safiyar hunturu ƙarfin fanel yana ƙara hawa. Bayan duk wannan, da dare ba ka da komai, a lokacin da kifi da ƙwai suka fi buƙata.

Abin da mutane ba su cika sani ba game da DC shi ne halin tartsatsinta. AC tana ratsa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, don haka in waya ta saki ko fiyus ya tsinke, tartsatsin yana mutuwa da kansa. DC ba ta da wannan hutun. In ta kama tsalle tsakanin ƙarfe biyu sai ta ci gaba da ci, irin na mai walda. Ɗan fiyus ɗin da ke cikin caja, in ma akwai shi, don AC aka yi shi. Makunnin soket ma haka. To ka kawo wannan cikin ɗakin kaji: ƙasa shimfiɗe da ɓuntun shinkafa ko garin katako busasshe, ƙurar abinci da gashin kaji a kan kowane abu, labulen buhu ko leda a tagogi. Ga warin kashin kaji, wato amoniya, da ke cin tagulla a hankali yana sassauta haɗi. Ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ƙarƙashin rufin kwano ma ya fi haka. Ban san wurin da ya fi wannan dacewa da tashin gobara ba.

Kuma duk wannan a kan caja mai kyau nake magana. Mu kuwa mai araha muke saye, ita ce ma dalilin dabarar. Tsakanin ɓangaren wuta mai ƙarfi da ɓangaren 5V da kake taɓawa, abin da ya raba su ɗan fili ne a kan allon ciki da ƴar leda a cikin taransifoma. Nan ne masu yin jabu suke rage kuɗi. A 2016 hukumar kula da ingancin kayan kasuwa ta Birtaniya ta bayyana sakamakon gwajin da aka yi wa cajojin jabu 400 masu ɗauke da sunan Apple: uku kacal ne ke da isasshiyar kariya. Tun 2013 ma kamfanin Apple ya buɗe shirin karɓar cajojin da ba nasa ba ana musanya wa mutane, bayan wata mata ta rasu a China sanadiyyar jan wuta daga wayar da ke caji. Wannan a cikin ɗaki ke nan. Ka ƙara da danshin bakin tanki da ƙurar hunturu da ke shiga ta kwanta a kan wancan ɗan filin, sannan ka tuna cewa mai taɓa igiyar yana tsaye a jiƙaƙƙen siminti, babu takalmi, hannunsa ya fito daga ruwa.

Akwai kuma matsalar da ba ta lantarki ba ce, ta mutane ce, kuma ita ta fi damuna. Kan caja ƙafafun soket gare shi, don haka mai wannan dabara ƙarshenta soket ɗin bango zai saya ya ja masa DC. Kai ka san abin da ke ciki. Yaron da ke ba kaji ruwa bai sani ba. Ƙaninka da ya zo hutu bai sani ba. Uwargida ba ta sani ba. Soket dai soket ne a idon kowa. Ranar da ba ka nan wani zai soka fanka, ko injin aski, ko dutsen guga. Fankar NEPA da duk wani abu mai tsohuwar taransifoma in suka sha DC ba sa juyawa, zafi kawai nadin wayarsu yake yi har ya ƙone. Gona ba ɗakin gwaji ba ce da mutum ɗaya ke riƙe da makulli. Duk tsarin da amincinsa ya dogara da cewa kowa zai tuna gargaɗinka, ba zan sa shi inda nake da dukiya mai rai ba.

Ni kasuwancin noma na karanta, don haka ta fuskar jari nake auna abu. Me ka rage, me ka jingina? Abin da ka rage shi ne bambancin kuɗin kan caja da na cajar mota, wanda bai kai kuɗin kiret ɗin ƙwai ba. Abin da ka jingina shi ne ƙwai ɗari da suka yi kwana 18 cikin 21 a injin ƙyanƙyasa, ko ƙwan zabi da ka yi kusan mako huɗu kana jira, ko kwanon ƴaƴan tarwaɗa da ka sayi uwa da allura ka kwana kana tsaro. Mai farawa kuma ba shi da zagaye na biyu a aljihu. Sau da yawa kuɗin adashe ne ko na ɗan uwa.

Wasu za su ce kan caja yana da fifiko ɗaya, kuma gaskiyarsu ne: taransifomar cikinsa tana raba shiga da fita, alhali cajar mota ba ta da wannan rabuwar, in ta lalace ta wata fuskar tana iya tura 12V gaba ɗaya cikin wayarka. Na yarda. Amma 12V waya take kashewa, ba mutum ba. Wasu kuma za su ce a ƙauye kan caja ake samu a kowane shago, sauran kayan sai an shiga birni. Wannan ma haka ne, sai dai cajar mota ba baƙuwa ba ce, duk tashar da direbobi ke tsayawa akwai mai sayar da ita. Wanda ke da tsarin 48V ko sama, ya san aikin wuta, yana da mita, zai sa fiyus na DC, ya rufe komai a akwati nesa da kaji da ruwa, kuma abin da zai kunna fitilar tsakar gida ce wadda in ta mutu ba a yi asara ba, wannan ba ni da ja da shi. Ba shi nake wa rubutu ba.

Ga mai 12V ko 24V, cajar mota ita ce amsar. Aikinta ke nan tun asali: ta karɓi wutar batir ta mayar 5V, kuma kaɗan take zubarwa a hanya. Duba jikinta ka ga an rubuta 12-24V. In tsarinka 24V ne ka tuna yana haura 28V lokacin caji, kada ka sa wadda aka yi don 12V kaɗai. Kwantirola da yawa ma suna zuwa da ramin USB a fuskarsu, duba taka kafin ka sayi komai. Wanda ke son abu mai ɗan ƙarfi, masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, irin na Sabon Gari a Kano, suna da ƙananan allunan rage wuta. Wanda aka fi sani shi ne LM2596, yana karɓar har 40V. An rubuta masa 3A, amma ni ba na ɗora masa fiye da rabin haka a zafinmu. Yana da ɗan sukurun daidaitawa, kuma ba a saite yake zuwa ba, sai ka sa mita ka juya har ya nuna 5V kafin ka jona komai, in ba haka ba wayarka ce za ta zama mitar. A tsarin 48V kada ka sa shi, ya wuce ƙarfinsa. Nemi na'urar rage wuta irin ta kekuna da babura masu batir, wadda aka rubuta mata ta karɓi wannan mataki ta ba da 12V, sannan ka ɗora cajar mota a kai.

Fiyus dole ne, kusa da kan batir, a wayar ja. Batirin 100Ah in wayoyinsa suka haɗu zai narka su cikin daƙiƙoƙi. Fiyus ɗin mota mai ƙafa biyu don DC aka yi shi, ya dace da 12V da 24V, kuma kowane mai gyaran wutar mota yana da shi. In batura biyu gare ka a jere, kada ka saci 12V daga jikin guda ɗaya. Na ga ana yawan yin haka. Ɗayan zai riƙa ramewa ɗayan yana cika fiye da kima, ka kashe su duka biyun kafin lokacinsu.

Nisa ma abin lura ne. 5V ba ta son tafiya. In kana jan 2A ta siririyar waya mai tsawo, rasa 1V guda a hanya ba wuya, kuma abin USB da ya samu 4V ya fara shure-shure. Ja 12V ɗin da waya mai kauri, ta tagulla ta gaske, har inda kayan suke, a can ka rage ta. Ka ɗaga na'urar sama da inda ruwa ke fantsama, cikin robar da ke da murfi da ƴan ramukan shan iska ta ƙasa.

Mafi kyau ma, duk abin da rai ya rataya a kansa ka saye shi mai 12V tun farko, ka huta da rage-rage. Akwai famfon iska mai 12V, akwai injin ƙyanƙyasa mai karɓar NEPA da batir duka biyu, akwai na'urar daidaita zafi irin W1209 da ke aiki da 12V, fankar cikin tsohuwar kwamfuta ma 12V ce. Kuma kada wani ya yaudare ka cewa USB zai ɗumama maka wani abu. 5V sau 2A wat 10 ne kacal. Ƙwai yana son wajen digiri 37.5 dare da rana, ƴan tsaki a makon farko suna son 32 zuwa 35. Zafin rainon tsaki ka bar wa gawayi ko gas, sola ta riƙe haske da fanka.

Ɗan famfon USB kuwa na kwano ne da bokiti da jarkar ɗaukar kifi zuwa kasuwa, ba na tankin lita dubu ba. In shi za ka yi amfani da shi a wurin ƙyanƙyasa, sa guda biyu, kowane da cajar motarsa da fiyus ɗinsa, don in ɗaya ya tsaya ɗayan ya riƙe. Wani zai ce a sa fawa bank a tsakani. Gwada shi tukuna, domin da yawansu suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, wasu kuma ba sa bayarwa lokacin da suke karɓar caji. Haka nan ramin fitar wuta na kwantirola yana yankewa in batir ya yi ƙasa, don ya kare batirin. Wannan alheri ne ga batir, amma ga kifi yana nufin famfo zai tsaya daidai asuba in lissafinka bai cika ba. Saboda haka kafin ka zuba ko ɗan kifi ɗaya, kunna tsarin gaba ɗaya da ruwa zalla har dare uku a jere, a ciki a samu ranar da aka yi hazo ko hadari. Kowace asuba in ka tashi salla ka leƙa ka ga ko kumfa na fita, ka sa mita a kan batir ka rubuta abin da ta nuna. In batirin ruwa ko na jel mai 12V yana sauka ƙasa da 12.0V a wannan lokaci, ka rage kayan da ke kansa ko ka ƙara batir kafin ka je sayen ƙwai ko uwar kifi.